Bakan Gizon Kakana A Majami'ar Wusasa

 

Ya ɗan'uwa mai karatu, na daɗe ina juya wannan magana a zuciyata kafin in yarda in rubuta ta, domin na san da zarar wasu sun ji cewa Musulmi ya shiga coci za su ɗaure fuska tun kafin su ji dalili. Ba na ganin laifinsu, ni ma da haka zan yi shekaru ashirin da suka wuce. Abin da nake roƙo kawai a daure a karanta har ƙarshe, sannan wanda ya ga kuskure ya gyara mini saboda Allah.

Ni mutumin ƙasar Talata Mafara ne. An haife ni a wani ƙauye da ke tsakanin Mafara da Bakura, inda ruwan madatsar Bakolori yake ratsa gonakin shinkafa. A garinmu babu Kirista ko ɗaya. Kiristan da na sani ina yaro shi ne mai shagon magani ko mai kayan gyaran babur a kasuwar Mafara, mutumin Kudu mai gurguwar Hausa, wanda za a yi ciniki da shi a rabu. Saboda haka na tashi da tabbacin cewa coci kayan baƙi ne, ba ta da wata alaƙa da Bahaushe. Ranar 27 ga Oktoba 1999, da Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da Shari'a a Gusau, ina cikin samarin da suka cika bayan a-kori-kura suka tafi, na dawo muryata a dushe saboda kabbara. Har gobe ban yi nadamar waccan tafiya ba. Na kawo ta ne don a san irin mutumin da ya je ya tsaya a ƙofar coci yana gumi.

Abin da ya kai ni ta'aziyya ce. A ƙarshen 2023 mahaifin wani abokin aikina ya rasu. Wannan aboki Bazazzagi ne, Hausarsa ta fi tawa daɗi, kuma Kirista ne tun daga kan kakansa. Shekara shida muna ofis ɗaya a Gusau. A 2021, lokacin da 'yan bindiga suka tare hanyar Maradun suka tafi da ƙanena, wannan bawan Allah bai tsaya jaje da baki ba: ya kawo abin da ya tara don kuɗin makarantar 'ya'yansa ya zuba cikin abin da muke haɗawa, ya kuma kwana uku a zaurenmu muna jiran kiran waya. Wanda ya yi maka haka ba a yi masa ta'aziyya ta saƙon waya. Na yi asubanci daga Mafara, na bi ta Gusau da Tsafe da Funtuwa, kafin azahar ina Wusasa, ƙauyen nan da ke yamma da birnin Zariya, a gindin duwatsu, kusa da dutsen Kufena.

Abin da na tarar a ƙofar gidan ya rikita ni. Dattawa ne zaune kan tabarmi da manyan riguna da huluna, ana ta "Allah ya ba da haƙuri", ana amsawa da "amin". Na duba fuskoki ko zan gane waye Musulmi waye Kirista, na kasa. Ni dai na kiyaye harshena, ban roƙa wa mamacin gafara ba domin addininmu bai ba mu wannan dama ba, na ce Allah ya ba su haƙuri, ya raya abin da ya bari. Da aka kira sallar azahar sai wasu daga cikin masu karɓar gaisuwar suka miƙe suka ɗauki butoci, na bi su. A hanya nake jin cewa wanda zai ja mu sallar ɗan baffan mamacin ne, ciki ɗaya kakanninsu suka fito.

Bayan an ci abinci abokina ya ce, "Malam, ka zo garinmu, ba za ka koma ba ka ga tsohuwar majami'armu ba. Ba don addini ba. Na tuna ka taɓa ce mini kakanka magini ne."

Kafin in ci gaba ya kamata in faɗa wa matasanmu yadda aka yi Wusasa ta zama abin da ta zama, domin da yawa daga cikinmu sun yi karatu a Samaru ko Kongo shekara huɗu ba su taɓa jin labarin ba. Akwai wata ƙungiyar mishan ta ɗarikar Angalikan, wato cocin ƙasar Ingila, mai suna CMS, wadda aka kafa a Landan a 1799. A 1900 ta turo wani ayari ƙarƙashin Bishop Tugwell da nufin shiga Kano, Sarkin Kano Alu ya sallame su ba su zauna ba. Cikin ayarin akwai wani likita, Walter Miller, wanda sai da ya je Turabulus ya koyi Hausa a bakin Hausawan da ke can kafin ya taho. A 1905 ya samu zama cikin birnin Zariya, ya buɗe ɗakin magani da makaranta. Zamansa da fada bai yi daɗi ba. Sarkin Zazzau Aliyu ɗan Sidi bai ƙaunaci aikinsa ba, kuma masana tarihi da dama suna ganin akwai hannun rahotannin Miller cikin tuɓe sarkin da Turawa suka yi suka kai shi Lokoja. A 1929 aka fitar da mishan daga cikin ganuwa zuwa Wusasa, a nan ne aka gina majami'ar da ake kira St. Bartholomew, da sunan ɗaya daga cikin almajiran Annabi Isa (AS) kamar yadda littattafansu suka lissafa su. Shekara uku bayan haka, a 1932, aka buga fassarar Baibul ta Hausa cikakkiya, wadda Miller ne jigonta.

Wani ɓangare na labarin ya fi taɓa mini zuciya. A zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi an yi wani malami, Malam Ibrahim, wanda karatunsa ya karkata ƙwarai ga sha'anin Annabi Isa (AS), har aka yanke masa hukuncin kisa a Kano. Mabiyansa, waɗanda ake kira Isawa, suka watse zuwa ƙasar Ningi da wasu wurare. A 1913 wasu daga zuriyarsu suka zo wa Miller, aka zaunar da su a Gimi, ciwon barci ya yi musu mummunar ɓarna, waɗanda suka tsira da yawansu suka ƙare a Wusasa. Ka ga ashe wasu daga cikin mutanen nan jikokin almajirai ne masu allo da tawada. Wannan abu ya yi mini ciwo a matsayina na Musulmi, kuma ban ɓoye wa abokina ba. Daga makarantar wannan ƙaramin ƙauye ne kuma aka samu Dakta Barau Dikko, likitan zamani na farko daga Arewa, da Farfesa Ishaya Audu, ɗan Nijeriya na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, daga 1966 zuwa 1975, da Janar Yakubu Gowon wanda ya tashi a can ya kuma mulki ƙasar nan cikin waɗannan shekaru.

Muka isa. Na zaci zan ga dogon gini mai tsini irin wanda ake nunawa a hotunan ƙauyukan Ingila, na dutse, da ƙararrawa a sama. Sai na ga ginin ƙasa, mai kaurin bango, ja kamar ƙasar da yake tsaye a kanta, wanda da a hanya na wuce shi ba a faɗa mini ba zan ɗauka zauren wani hakimi ne.

A bakin ƙofa ƙafata ta yi nauyi. Na san malamai sun yi saɓani a kan shiga irin wannan wuri: wasu sun karhanta, wasu sun halatta idan da buƙata kuma ba lokacin ibadarsu ba ne. Na san Imam Bukhari ya ƙulla babi a kan salla a cikin coci, inda ya kawo cewa Sayyidina Umar (RA) ya ƙi shiga cocinsu saboda siffofin da ke ciki, ya kuma kawo cewa Ibn Abbas (RA) yakan yi salla a coci in dai babu mutum-mutumi a cikinta. Duk wannan na karanta shi a gaban malamina. Amma gaskiyar magana, ba hukuncin ne ya tsayar da ni ba, tsoron ido ne. Na waiga hagu da dama ko akwai wani ɗan Mafara da zai gan ni ya kai labari gida. Allah ya yafe mini, domin a wannan lokaci na fi jin tsoron mutane fiye da neman sanin abin da Allah ya yarda da shi.

Wani dattijo mai kula da wurin, siriri, da farin gemu, yana zaune a inuwa yana kallona. Da alama ya saba ganin irina. Ya ce, "Shigo, ɗana. Yau ba ranar sujada ba ce, babu kowa. In ka gama kallo ƙofar da ka shiga ta nan za ka fita."

Na ce, "To, Baba." Na yi bismilla a zuciyata, na sa ƙafar hagu.

Abin da ya fara tarbata sanyi ne, sannan ƙanshi. Duk wanda ya tashi a soron ƙasa ya san wannan ƙanshi, na ƙasar da ta sha yaɓe shekara da shekaru. Na ga jerin bencina, na ga gicciye a can gaba, na kawar da kai. Sai na ɗaga ido sama. Ɗan'uwa, a nan ne jikina ya mutu. Bakan gizo ne, ɗaya bayan ɗaya, sun taso daga bango sun lanƙwasa sun haɗe a sama suna ɗauke da rufin, yadda na buɗe ido na gani a masallacin garinmu. Ban san lokacin da hannuna ya kai ga bango ba. Bature dai bai iya ɗaurin azara ba, ko ya kawo zanen gininsa daga Landan. Hannun da ya yi wannan aiki hannun maginan ƙasar nan ne, masu sana'a ɗaya da kakana.

Kakana, Allah ya jiƙansa, shi ya gina masallacin garinmu tun kafin a haifi mahaifina. Ina yaro nakan bi shi wurin aiki in riƙe masa ƙwarya. Na ga yadda ake kwaɓa ƙasa da ciyawa a bar ta ta kwana ta ruɓa, a mulmula tubali da hannu a shanya. Na ga yadda yake zaɓen azara, wadda ake tsagawa daga giginya, ya ƙwanƙwasa ta ya saurara kamar mai sayen tukunya, domin mai kyau gara ba ta cinta. Bakan gizo ba a yi masa gaggawa: a kafa azara cikin bango ta ɗan leƙo, a ɗaure da igiya, a lulluɓe da ƙasa, a jira ta bushe, sannan a ɗora wata ta ƙara leƙowa, daga wannan gefe da wancan, har ranar da za su gamu a tsakiya. Daga nan sai makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, a shafe bango don kada ruwa ya ci shi. Kowace shekara kafin damina duk gari yakan fito yaɓen masallaci, mata su kawo ruwa da fura, yara mu taka ƙasa. Ranar ta fi mana ranar salla daɗi.

A 2004 wani mai hali ɗan garinmu da ke kasuwanci a birni ya ce zai gina mana masallacin siminti da kwano da lasifika. Allah ya saka masa da alheri, niyyarsa mai kyau ce. Matsalar fili ce: ko a nemi wani wuri a bayan gari, ko a rushe tsohon a yi sabon a gurbinsa. Dattawa suka so a bar tsohon. Mu samari, ni ne sakataren ƙungiya, muka ce ina, ai wannan riƙo da gargajiya ne, addini ba ruwansa da tsohon bango. Na tuna na miƙe a gaban dattawa na kawo hujjar cewa masallacin Manzon Allah (SAW) da kansa an sha rushe shi ana faɗaɗawa tun zamanin Umar da Usman (RA). Hujjar gaskiya ce, har yanzu ban ce ƙarya ba ce. Abin da ban yi ba shi ne in dubi fuskar tsohon da ke zaune a gefe yana jan carbi.

Kwana biyu muka yi muna rushewa, domin ginin ya ƙi faɗuwa. Da diga muka riƙa sarar bakan gizon yana turjewa. Kakana bai ce uffan ba. Da yammacin rana ta biyu ya zo da sandarsa ya tsaya kan tarin ƙasar, ya ce da ni, "Kai, ɗan nan, ku bar mani azara guda." Na zaro ɗaya na ba wani yaro ya kai masa gida, na koma bakin aiki. Ko kai masa da kaina ban yi ba. Bayan shekara biyu ya rasu, ba mu taɓa tayar da maganar ba.

Duk wannan ya dawo mini ina tsaye cikin ɗakin ibadar wasu. Dattijon nan ya lura idona ya kawo ruwa, ya zaci wani abu ne daban, ya matso da fara'a. Na yi sauri na ce, "Baba, kakana na tuna, magini ne." Ya yi dariya ya ce, "To ai gara da ka faɗa." Sannan ya zauna a benci ya shiga ba ni labarin wahalar da ginin yake ba su: duk damina sai an bi rufi an duba, a toshe tsaga tun tana ƙarama, a gyara indararo, kuma masu sanin aikin suna ta ƙarewa, yaran yanzu bulo kawai suka iya. Na tambaye shi me ya hana su rushe shi su huta. Ya dube ni kamar na yi saɓo, ya ce, "A nan aka ɗaura auren iyayena. In rushe in ce musu me?"

Kada mai karatu ya ɗauka ina cewa ginin ƙasa ya fi siminti a wurin Allah, ko kuwa tsohon bango yana da wata albarka ta kansa. Ko kusa. Watanni kaɗan kafin wannan tafiya tawa, ranar Juma'a 11 ga Agusta 2023, wani sashe na babban masallacin Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a shekarun 1830, ya rufto kan masu sallar la'asar, aka rasa rayuka. Allah ya karɓi shahadarsu. Ginin ƙasa amana ce mai nauyi, in ba za a iya kula da shi ba ran mutum ɗaya ya fi shi daraja. Amma namu masallacin ba tsagewa ya yi ba, lafiyarsa ƙalau. Kunyarsa muka ji. Mun ga masallatan birni da fenti da tayil, muka ga namu kamar tsohuwar riga, muka nemo wa kunyarmu aya da hadisi muka lulluɓe ta. Wannan shi ne abin da ban taɓa yarda na faɗa wa kaina ba sai a Wusasa.

Akwai kuma wani abu da ya dame ni a wurin. Ina tsaye na tuna cewa a watan Maris na 1987, rikicin da ya tashi a Kafanchan ya bazu zuwa Kaduna da Zariya da Funtuwa, aka ƙona majami'u masu yawa a Zariya. Na tambayi kaina: da a ce ina saurayi a lokacin, da irin zafin kan da na ɗauki diga da shi a 2004, a wane ɓangaren titi za a same ni? Ban ji daɗin amsar da zuciyata ta ba ni ba. Alhali na haddace Suratul Hajji tun ina ɗan shekara goma sha biyu, kuma a aya ta 40 Allah ya ambaci wuraren ibadar Nasara da na Yahudu tare da masallatai cikin abubuwan da da an rurrushe su ba don yana kare wasu mutane da wasu ba. Na karanta ayar sau ɗaruruwa a tarawihi ban taɓa kawo wani gini na zahiri a raina ba.

La'asar ta yi muna ciki. Na duba agogo, dattijon ya gane. Ya ce in ina so in yi sallata a nan gefe, wuri ne mai tsabta, ba wanda zai hana ni. Na yi masa godiya na ce a'a. Na ba shi labarin da ya shahara a littattafan tarihi, cewa da Sayyidina Umar (RA) ya karɓi Baitul Muƙaddas lokacin salla ya riske shi a babbar cocin garin, shugabanta ya yi masa tayin ya yi salla a ciki, ya ƙi, ya fita waje ya yi, don kada Musulmin da za su zo bayansa su ce nan Umar ya yi salla su ƙwace wurin. Dattijon ya jinjina kai ya ce bai taɓa jin wannan ba. Ya leƙa waje ya ƙwala wa wata yarinya kira, jikarsa ce, ya ce ta kawo buta da tabarma daga gida. Ta kawo da gudu. Tabarmar ba sabuwa ba ce, wurin goshi har ya ɗan koɗe, alamar ba ni ne na farko ba. Na shimfiɗa a gindin wata bishiya nesa kaɗan da ginin, yarinyar ta nuna mini gabas ba tare da na tambaya ba.

Na fito daga Wusasa da aƙidata yadda na shiga da ita. Isa ɗan Maryam (AS) bawan Allah ne kuma manzonsa, kuma abokina ya san matsayina kamar yadda na san nasa. Da zai raka ni tasha na ce masa ina roƙa masa shiriya a sujadata, ya ce shi ma yana sa ni a addu'arsa, muka yi dariya muka yi musabaha.

Washegari da na isa Mafara, ko jaka ban ajiye ba na wuce ɗakin mahaifiyata. Tun 2022 muka kwaso ta daga ƙauye, lokacin da hare-hare suka yi yawa har aka daina kwana a gida. Masallacin simintin yana nan, in ji masu zuwa, sai dai sahu ɗaya ba ya cika, kuma da rana zafin kwano yakan kori mutane zuwa gindin darbejiya. Na gaishe ta, na ce, "Inna, azarar nan da Kaka ya karɓa ranar da aka rushe masallaci, ina take?"

Ta daɗe tana kallona, domin shekara goma sha tara ke nan ba wanda ya ambaci wannan rana a gabanta. Ta ce a saman ƙofar ɗakinsa ya kafa ta da hannunsa, ya yaɓe, duk mai shiga sai ya bi ta ƙarƙashinta. Ta ce ta ji labarin ɗakin ya zube a daminar da ta wuce, amma azarar giginya ba ta ruɓewa, in ba a yi makamashi da ita ba tana nan cikin ƙasa.

Akwai wani mai babur da har yanzu yake shiga garin namu ranar da hanya ta yi dama. Na same shi a tasha na kwatanta masa gidan da ɗakin, na ba shi kuɗin mai da na wanda zai taya shi tono. Ya ce azara ta yi wa babur tsawo, sai dai a yanka ta biyu. Na ce kada ya yanka, ya dai gano mini ko tana nan tukuna.